Yadda Bubayero Ya Sauki Dodo a Ɗakin Baƙi

Duk wanda ya zauna a Asata ta Enugu ya san Bubayero, in bai taɓa ganinsa ba ma to ya ji muryarsa. Tare muka tashi, tare aka zane mu a makaranta, saboda haka idan na ce mutumin nan ya iya cika baki ba ƙazafi na yi masa ba. Tun muna yara ban taɓa jin ya ce bai iya abu ba. Ya taɓa gyara wa limaminmu rediyo, tun daga ranar liman bai sake jin labarai ba. Ya taɓa nuna wa wani ɗan okada gajeriyar hanya zuwa Ogui, sai da yamma aka ga sun dawo suna tura babur. Ni sunana Imrana, mahauci ne a kwata, kuma ina cikin waɗanda abin da zan faɗa ya rutsa da su.

Sana'ar da Bubayero ya gada ita ce fatoma. Idan falke ya kawo shanu daga Arewa a gidansa zai sauka, ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa a kara har a sayar da dabbobin, shi kuma ya sami la'adarsa. A zamanin marigayi mahaifinsa ɗakin baƙin gidan ba ya rabo da mutane. Da abin ya dawo hannun Bubayero sai fatake suka dinga sulalewa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu suka koma wajen Muntaka, wani fatoma mai sanyin murya da ke Ogui. Mutum ɗaya ya rage, Alhaji Jumare, dattijo mai yawan shanu da ƙarancin magana, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana sauka a ɗakin nan. Tirelar Alhaji ce ke ciyar da gidan Bubayero, kowa a unguwa ya san haka. Ranar da Alhaji ya sauya masauki, to sai dai Bubayero ya zo kwata ya roƙe ni in koya masa fiɗa.

Da damina ta kankama kasuwa ta yi sanyi, sai Allah ya haɗa shi da wasu bidiyoyi a waya. Wasu Turawa ne ke zama a kewaye da tebur suna wani wasa. Ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wancan mai sihiri. In za ka yi wani abu a labarin sai ka jefa ƙwaya irin ta ludo, ita za ta nuna ko ka dace ko ka faɗi. Ba wasan ne ya fi tafiya da hankalin Bubayero ba, ɗakin ne. Bango baƙi, fitilu ja, kan dodo a rataye, hayaƙi na tashi, ga wata ƙofa a ɓoye da sai wanda ya sani ne zai iya buɗewa. Sati biyu ya yi yana kallo, ran na goma sha biyar ya zo mana kwata da zane a bayan takardar buhun siminti.

Ya shimfiɗa takardar a kan teburina, kusa da hanta, ya ce ya gano abin da ya sa fatake ke gudunsa. Wai ba komai ba ne illa ɗakin ya tsufa, kuma mutanen yanzu ba tabarma da buta suke nema ba, nishaɗi suke so. Zai mayar da ɗakin baƙi ɗakin wasa irin wanda babu kamarsa daga nan har Fatakwal, ta yadda falke zai sayar da shanunsa ya ƙi komawa gida. Na ce masa ni a sanina falken da ya kwana biyu a bayan tirela barci yake so. Ya dube ni da tausayi, ya ce shi ya sa har yanzu nake sayar da hanta.

Muntaka yana wurin, ya zo sayen nama. Ya ɗauki zanen ya juya shi sama da ƙasa, ya ce bai taɓa ganin basira irin wannan ba, kuma in har Bubayero ya aiwatar da shi to shi kam tasa ta ƙare. Ya faɗi haka fuskarsa babu alamar dariya. Bubayero ya naɗe takardarsa ya tafi yana taku ɗai-ɗai.

A gida matarsa Ramlatu ta tuna masa cewa saura sati uku Alhaji Jumare ya iso. Ya ce ai don Alhajin ake yi. Ta ce, "Baban Ihsan, dattijon nan ko labule aka sauya sai ya tambaya ina tsohon." Ya ce mata ita dai ta ji da tukunyarta, harkar maza ce.

Da tebur aka fara. Ya tafi unguwar Coal Camp wajen wani kafinta mai suna Ikenna, ya ce a yi masa tebur dogo mai rami a tsakiya, a shimfiɗa koren yadi a cikin ramin don jefa ƙwaya. Ikenna ya nemi zuwa ya auna ɗakin, Bubayero ya ce babu buƙata, idonsa ya fi kowane tef. Ranar da aka kawo teburin a motar kaya, ƙarti shida suka sauke shi, suka juya shi ta tsaye, suka juya ta kwance, suka gwada ta gefe. Ikenna ya share gumi ya ce, "Oga, dis table no go enter o." Bubayero ya ce teburin daidai yake, ƙofar ce aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba tun zamanin Turawa. Nan take ya sa aka ɓalle ƙofar, aka fasa bango aka ƙara faɗi, tebur ya shiga. Da ya shiga sai ya cinye ɗakin, abin da ya rage tsakaninsa da bango sai mutum ya bi a karkace. Gadon baƙi da tabarmi aka fitar da su tsakar gida.

Ɓarnar da aka yi wa bangon ma sai ta zame masa abin alfahari, ya ce da ma can a nan ƙofar sirri za ta zauna. Ikenna ya haɗa masa wata katuwar kanta mai juyawa, wadda daga zaure in ka kalla sai ka ce ma'ajiyar littattafai ce. Daga waje akwai littafi guda da za a ja ta buɗe, daga ciki kuma akwai igiya. Ikenna ya gaya masa har sau biyu cewa katakon ɗanye ne, a bari ya bushe, kuma kada a ɗora masa nauyi. Bubayero ya ce shi tun kafin a haifi Ikenna yake mu'amala da katako. Da yake littafin da ke gidansa bai wuce uku ba, sai ya je kasuwar Ogbete ya sayo buhu biyu na tsofaffin littattafai irin waɗanda masu tsire ke yaga suna ƙunshe nama, ya jera su tun daga sama har ƙasa.

Taga ita ma ba ta tsira ba. Ya ce kogon dodo ba ya da taga, ya sa aka toshe ta da bulo. Aka shafe bango da baƙin fenti, aka bi shi da kwalayen ƙwai don kada sauti ya fita. Kwalayen daga wajen mai shayi ya kwaso su, kuma bai tsaya ya ware waɗanda ƙwai ya fashe a cikinsu ba.

Sai maganar kan dodo, a nan ne ni ma na sa hannu, Allah ya yafe mini. Ya zo ya zaɓi ƙoƙon kan wani bijimi da ƙahoni shida mafiya girma. Na ce ya bari in dafa masa su in ƙwaƙule cikinsu a shanya, don ƙaho ɗanye ba a ajiye shi a ɗaki. Ya ce busasshen ƙaho ba ya da kwarjini, shi mai rai yake so. Ya ɗaure su da waya, ya liƙa jajayen fitilu a gurbin idanu, ya kafe abin a bango. Kwana huɗu da yin haka ƙudajen Asata suka tare a zaurensa. Ya ce wannan ƙaramar matsala ce, da ma zai riƙa kunna turaren wuta a kasko don hayaƙi, ga shi an sami dalili na biyu.

Maƙwabciyarsu Mama Uju, mai sayar da abinci, duk tana kallon abin da ke shiga gidan. Ta ga baƙin fenti, ta ga ƙahoni, ta ga jajayen fitilu. Ta ja Ramlatu gefe ta tambaye ta a hankali, "My sister, na shrine your husband dey build?" Wai ko ɗakin tsafi mijinta ke ginawa. Ramlatu ta ce da ma hakan ne da ta san malamin da za ta kai shi, wannan kuwa ba ta san maganinsa ba.

Ya sa bikin buɗe ɗaki ranar Asabar bayan azahar, ranar da ake sa ran Alhaji, don wai dattijon ya tarar da abin yana gudana. Mu uku ya gayyata, ni da Muntaka da Ɗan'auta, wani tsohon dillalin shanu da ya haura sittin amma sunan yarinta ya bi shi. A zaure ya karɓe wayoyinmu ya zuba a kwando ya miƙa wa Ramlatu, ya ce a duniyar da za mu shiga ba a ƙirƙiro waya ba. Muka shiga a karkace muka zauna. Ya bar kantar a ɗan buɗe saboda iska. Shi kuma ya yafa baƙin mayafin Ramlatu, ya ɗora wata hular kwali mai tsini, ya tsaya a ƙarƙashin kan dodo. Warin ƙaho da na ruɓaɓɓen ƙwai da ƙamshin turare suka haɗu suka ba da wani abu da ni mahauci ma sai da na toshe hanci.

Ya raba mana matsayi. Ni mayaƙi. Ɗan'auta mai sihiri, amma ya ce shi ya je Makka, ba zai yi bokanci ba ko da wasa, sai aka bar shi a matsayinsa na dillali. Muntaka aka ba ɓarawo, ya karɓa da godiya. Sannan ya fito da ƙwayar wasa mai fuska ashirin da ya sa aka sassaƙa masa da ƙashin bijimi. Na jefa don in tsallake wani kogi, ta nuna huɗu, ya ce na faɗa ruwa. Muntaka ya jefa don ya ciro ni, huɗu. Ɗan'auta ya jefa don kawai ya gani, huɗu. Ƙwayar gefe guda ya fi nauyi, ko ta ina ka wurga ta a nan take kwanciya. Bubayero ya ce rashin sa'armu ce, ya tsallake da mu kogin da bakinsa don labari ya ci gaba.

Da muka isa kogo sai ya sauya murya, ya ƙara turare a kasko. Ya ce ga dodo nan a gabanmu, tsawonsa ya kai tirela biyu, yana da fukafukai, wuta na fita ta hancinsa, ƙasa na girgiza in ya taka. Ya zaro ido ya ce, "Me za ku yi?"

Ɗan'auta ya gyara zama ya tambaya ko namiji ne ko mace. Bubayero ya ce wannan ba shi da muhimmanci. Ɗan'auta ya ce a wajensa yana da shi, kuma yana so a buɗe masa bakin ya ga haƙora, don dabba mai irin wannan girma in ta tsufa namanta igiya ne. Ni kuma na tambaya ko yana da fiƙa, domin in yana da ita ba na jin ya halatta, ba zan ɓata wuƙata a banza ba. Ɗan'auta ya ce ko naman bai ciwu ba ai ganda tana da kasuwa a garin nan, ga shi kuma dabbar ta zo da wutar babbakarta, an huta da sayen itace. Ya fara lissafa mata masu abinci da za su yi rububin fatar.

Bubayero ya buga tebur ya ce dodon nan cinye mu zai yi, mu zare takobi. Ɗan'auta ya ce shi shekara arba'in yana kara bai taɓa sa wa dabba wuƙa ba a ga mai ita ba. "Ina mai shi? Wa ya kawo shi? A gidan wa ya sauka? Ka san ko na sata ne, ka ja mu mu kwana a ofishin 'yan sanda?" Bubayero ya ce dodo ba shi da mai shi. Ɗan'auta ya ce to lalle na sata ne, ya ture kujerarsa baya iyakar inda bango ya bari. Muntaka ya yi gyaran murya ya ce in an ga mai dodon a gaya masa akwai ɗaki a Ogui, da fanka.

Ana cikin wannan ne muka ji sallama daga zaure. Muryar Ramlatu ta biyo baya, ta ce Baba Alhaji ya iso. Bubayero ya tura kantar ya fita da mayafinsa da hularsa, ya durƙusa. Alhaji Jumare yana tsaye, jaka a kafaɗa, buta a hannu, ƙurar hanyar kwana biyu a gemunsa. Ya amsa gaisuwa yadda ya saba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa marigayi addu'a, duk bai ce komai a kan hular ba. Da aka gama ya dubi inda ƙofa take a da, ya ga littattafai. Ya ce, "Buba, ina ɗakin?"

Bubayero ya ce ai yau Baba Alhaji zai ga abin da ko a Abuja babu. Ya riƙo hannunsa ya shigar da shi. Dattijon ya tsaya a ɗan tsukin da ke tsakanin tebur da bango, ya dubi baƙin bango, ya dubi jajayen idanun da ke tsakanin ƙahoni, ya dube mu mu uku da muka miƙe muna gaishe shi cikin hayaƙi. Ya tambaya a ina zai kwanta. Bubayero ya ce an yi tanadin wannan, ya kwashe ƙwaya da takardu daga ramin tebur, ya nuna masa. Wai da rana tebur ne, in an tashi wasa kuma gado. Alhaji ya leƙa dogon akwatin nan mai koren yadi, daidai tsawon mutum. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai da ka bari na cika tukuna."

Ɗan'auta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Bubayero bai fahimta ba, ko kuma ya ƙi fahimta. Ya ce ai Baba bai ga komai ba ma, babban abin shi ne ƙofa. Kafin wani ya yi magana ya kama kantar ya ja ta da ƙarfi. Wannan ne karo na farko da aka rufe ta ruf tun da aka ɗora mata littattafai, kuma katakon ya sha damina ya kumbura. Ta shige gurbinta da wata ƙara mai nauyi. Ya ce yanzu ku duba, ya ja igiya. Igiyar ta taho hannunsa gaba ɗayanta.

Ya ce haka aka tsara ta. Ya sa kafaɗa, ba ta motsa ba. Na sa tawa, Muntaka ya taɓa da yatsa biyu don kada a ce bai taimaka ba. Muna cikin turawa aka ɗauke wuta, idanun dodo suka mutu, ba abin da ake gani sai garwashin kasko. Muka buga, muka kira Ramlatu, Ɗan'auta ya yi ihun da yake yi wa bijimi in ya tsinke. Babu wanda ya ji. A duk abin da Bubayero ya ƙera a rayuwarsa kwalayen ƙwan nan ne kaɗai suka yi aikin da aka sa su, sai da ya faɗi hakan kuwa, da alfahari, a cikin duhu.

Hayaƙi ya fara shaƙe mu. Alhaji ya laluba ya juye ruwan butarsa a kasko, wuta ta mutu, duhu ya cika. Zafin Enugu na bayan ruwa ya taru a ɗakin, ga wari. Bubayero bai yi shiru ba, yana ta bayanin cewa a irin wannan wasa akwai matakin da ake kulle 'yan wasa su nemi mafita da basira. Muntaka kuwa ya lallaɓa kusa da Alhaji yana yi masa fifita da hula, yana tambayarsa yadda hanya ta kasance da wata murya mai taushi. Alhaji ya ce hanya lafiya, sai dai shanunsa suna tsaye a cikin tirela a rana tun isowarsu, kuma ba za a sauke su ba sai fatomansa ya je ya tsaya. Wannan maganar ce ta ɗan rage wa Bubayero surutu.

Can Alhaji ya ce a lissafinsa la'asar ta yi, yana da alwala, a nuna masa gabas. Da akwai alama a bango tun ta marigayi, fenti ya shafe ta, taga kuma babu. Bubayero ya ce nan ne, ya kama kafaɗar dattijon ya juya shi. Ɗan'auta ya ce in dai inda yake jin muryarsu ne to wajen dodo ya juya shi. Alhaji ya ce a sake shi. Muka ji yana bin bango da tafin hannu, yana ƙirga taku a hankali, daga inda ƙofa take zuwa inda taga take, ya juya dama kaɗan. Ya ce, "Nan ne. A nan nake shimfiɗa buzuna tun kana rarrafe." Ya tayar da salla a ɗan tsukin nan, muka bi shi kowa a inda ya sami wuri. Ban ɓoye muku ba, kunya ta kama ni ƙwarai, har na ji haushin kaina da na ba da ƙahonin.

Abin da ya faru a waje daga baya Ramlatu ta ba mu labari. Ta gama tuwo ta kawo wa Alhaji, ta tarar da kantar a rufe. Ta san littafi ake ja, amma mijinta ya ƙi gaya mata wanne, wai sirri ne. Ta fara ja ɗaya bayan ɗaya har ta zubar da buhu biyu a ƙasa, ƙofa ba ta ko yi motsi ba. Ga direban tirela ya zo yana faɗa, wai saniya biyu sun durƙushe. Ramlatu ta fita neman taimako, ta ci karo da Mama Uju, wadda da ma sati uku take jiran wannan rana. Kafin labari ya kai bakin titi ya zama wai ɗakin tsafi ya haɗiye mutum biyar har da wani Alhaji. 'Yan okada suka ajiye babura, masu shaguna suka rufe, mahauta suka taho daga kwata da guduma. Ikenna ma an ɗauko shi, ya dubi kantar ya ce, "I tell am," wato ai ya gaya masa, ya ba da shawarar a fasa ta wajen tsohuwar taga.

Bugu na biyar haske ya shigo. Abin da ya fara fita shi ne warin, mutanen gaba suka ja da baya. Bayansa sai Bubayero, da kai ya fito, hular kwali ta lanƙwashe, mayafi ya naɗe masa wuya, baƙin fenti ya bi gumi ya ɓata masa fuska. Mama Uju ta ɗora hannu a ka. Ya miƙe a gaban jama'ar da ta cika layi, ya karkaɗe jiki, ya ce yana so kowa ya shaida ingancin aikin, ƙarti biyar sun kasa buɗe ƙofar nan, wane fatoma ne a Enugu zai ba baƙonsa tsaro irin wannan? Dariyar da aka yi har masu keke napep a bakin titi sai da suka tsaya suna tambaya.

Muka fito ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ne na ƙarshe, ni da Muntaka muka tallafo shi. Da ya tsaya a kan ƙafafunsa dariya ta lafa, don dattijo ne da ake jin nauyinsa. Ya gode wa waɗanda suka fasa bango, ya gode wa Mama Uju da 'yar Turancinsa, ya gyara rawaninsa. Bubayero ya matso yana cewa gobe-gobe za a gyara igiyar, har ma zai sa guda biyu. Alhaji ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya ciro wani ɗan makulli da ya yi baƙi don tsufa, ɗaure da zaren fata.

Ya ce, "Mahaifinka ya ba ni wannan ranar da na fara sauka a gidan nan. Ya ce ko ba ya nan, ko ba ya raye, in buɗe in shiga. Mutane da yawa sun ce in sauya masauki, na ce ina da makulli." Ya kamo hannun Bubayero ya sa masa shi a tafi, ya rufe masa yatsu a kai. "Ga shi, ɗana. Ban ga inda zan sa shi ba."

Ya ɗauki jakarsa da butarsa. Ya dubi Muntaka ya ce su je kara, dabbobi sun wahala. Muntaka bai yi murmushi ba, wannan kam na yaba masa, ya dai karɓi jakar ya tsayar da keke. Jama'a suka fara watsewa ba hayaniya.

Muka rage mu uku a zaure a cikin tarin littattafai, ni da shi da Ramlatu, ga kwanon tuwon Alhaji a rufe a gefe ba a taɓa ba. Bubayero ya cire hular kwalin, ya zauna a ƙasa yana jujjuya makullin. Ya ce ba wani abu ba ne, in aka mayar da tsohuwar ƙofar yau, gobe da safe sai ya je ya ba Baba Alhaji haƙuri ya mayar masa da abinsa. Ya tambayi Ramlatu inda aka jingine ta.

Ta ce ai da bakinsa ya ce a faskare ta, tana tare hanya. Ta nuna kwanon da haɓa, ta ce guntun ƙarshe da shi ta tuƙa wannan tuwon.